Safiyar da Muryata ta Koma WhatsApp

Makon jiya na miƙa katin shaidata da makullin durowata, bayan shekara goma sha shida a ɗakin labaran wani gidan rediyo mai zaman kansa a Kano. Matasan da na bari a can sun nemi in rubuta musu abin da aikin ya koya mini, kuma da na zauna sai na ga kusan komai yana komawa ga safiya ɗaya.

Lokacin da na fara aiki, mai sauraro yana da akwatin rediyonsa, mu muna da makirfo, abin da ke haɗa mu kuwa shi ne kiran waya da saƙon tes, waɗanda zuwan wayar salula a 2001 ya sauƙaƙa. Kafin in bar wurin an kafa kyamara a situdiyo, shirin siyasa na dare yana tafiya kai tsaye a Facebook, ana yanka shi gunduwa-gunduwa a TikTok, kanun jaridun da muke bita da safe daga waya muke karanta su, direban A Daidaita Sahu kuma yana jin mu ta wayar da fasinja ke tura masa kuɗi. Ko Sashen Hausa na BBC, da iyayenmu suka sani tun 1957 a gajeren zango, yau matasa da yawa kallonsa suke yi. Mun yi murna da wannan haɗuwa ta rediyo da intanet domin ta ƙara mana jama'a da talla, ba tare da mun lura cewa ƙofar da labari ke fita ta nan yake dawowa ba.

Wata asuba cikin hunturu, shugaban sashenmu ya turo bidiyo a zauren WhatsApp na ofis: wuta na cin shaguna, wata murya na cewa ɗaya daga manyan kasuwannin gari ce ke ci a lokacin. A ƙasa ya rubuta cewa kada a riga mu. Saura minti goma sha biyu a fara labaran ƙarfe bakwai. Wayar wakilinmu a kashe take, lambar 'yan kwana-kwana ba ta shiga ba a karon farko, ni kuma ban sake gwadawa ba. Na leƙa Facebook na ga shafuka uku sun ɗora, sai na ɗauki hakan a matsayin tabbaci, alhali dukkansu daga rijiya ɗaya suka ɗebo. Da bakina na karanta labarin.

Bidiyon ashe na gobarar Kasuwar Sabon Gari ne ta 2016. Kafin ƙarfe takwas 'yan kasuwa sun baro gidajensu a gigice, wasu ko karyawa ba su yi ba, suka tarar da shagunansu lafiya ƙalau. Mun janye labarin da ƙarfe tara, muka ba da haƙuri sau uku a ranar, amma yaron da ke kula da shafukanmu ya riga ya ɗora muryata a kan bidiyon tare da tambarin tasha, wani kuma ya sauke ya mayar da shi WhatsApp ɗin da ya fito. Da azahar innata ta turo mini shi daga ƙauye tana yi wa mutanen birni jaje, ta ce ba ta yi shakka ba tunda muryata ta ji. Jita-jitar da ta shigo mana ba uwa ba uba ta fita da hatiminmu, haƙurin da muka bayar kuwa bai wuce kunnen wanda rediyonsa ke kunne a wannan sa'a ba.

A taron la'asar shugaban ya ce shi turowa kawai ya yi domin a bincika, saƙonsa kuwa ya riga ya goge. Ana fargabar tarar NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ana bukatar wanda za a nuna, sai aka dakatar da ni mako biyu ba albashi. Hoton saƙon nasa yana wayata, amma ban fito da shi ba, kuma har yau ban tantance ko haƙuri ne ya hana ni ko kuɗin makarantar yara ba. Laifina na karɓa, domin ni na buɗe baki. Shi kuwa bayan wata shida aka damƙa masa sashen kafofin zamani baki ɗaya.

Daga ranar ban sake bari bidiyo ya zama labari a hannuna ba sai na yi magana da wanda ke tsaye a wurin, ko da wata tasha za ta riga mu. Gyara kuma na dage a ɗora shi duk inda aka ɗora kuskuren, da murya da hoto kamar yadda kuskuren ya fita. Umarnin gaggawa daga sama, ku ajiye shaidarsa. An sha kirana mai nawa saboda waɗannan, sai dai ban sake janye labari ba har na tafi.

Bidiyon nan yana nan da ransa. Kusan duk hunturu sai ya sake ɓullowa, na bara ma a zauren unguwarmu na gan shi, na rubuta cewa tsohon abu ne kuma kuskurena ne, wani yaro ya amsa cewa shi dai gidan rediyo ya ji ya faɗa.