Daga Ohayo: maganar yaron nan da firataniti

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna lafiya, yara lafiya, sanyi ya fara kunno kai amma ba shi ya zaunar da ni rubutu ba. Tun ranar da na faɗa a guruf ɗin dangi cewa babban yarona yana son shiga firataniti, wato ƙungiyar samarin ɗalibai irin ta nan Amurka, a jami'arsu waya ta ƙi hutawa, Yaya ta kira har da kuka wai ɗanta ya faɗa ƙungiyar asiri, Kawu kuma cewa ya yi a tattaro shi a kawo shi BUK tun kafin a sha jininsa. To bari in amsa muku gaba ɗaya, in faɗi mene ne abin, yadda ake biyan kuɗinsa, da inda muka tsaya.

Na san abin da ya tsorata ku kuma kuna da gaskiya. Pyrates da su Wole Soyinka suka kafa a Ibadan a 1952 ba don kisa aka kafa ta ba, amma duk mun ga inda su Black Axe da Eiye suka kai al'amarin, kuma masu shekaru ba su manta ɗalibai biyar da aka kashe a jami'ar Ife a watan Yulin 1999 ba. Na nan ba a ɓoye suke ba. Gida gare su a bakin titi da harufan Girkanci manya-manya a jikin bango, jami'a ta san da su, suna da rajista, wasu ma sun girmi kakanninmu, Phi Beta Kappa tun 1776 take. Ta baƙaƙen fata da ake ce wa Alpha Phi Alpha an kafa ta a jami'ar Cornell a 1906 kuma Martin Luther King ɗan cikinta ne. Abin da ke jan yara shi ne abokai da wurin kwana, da kuma tsoffin 'yan ƙungiya da ke riƙe da manyan kamfanoni waɗanda kan ja na baya idan an zo neman aiki. Wato dai hanya, mu ma ai mun san ta.

Ni abin da ke hana ni barci giya ce, da wahalar da ake ba sabon shiga kafin a karɓe shi. Doka ta ce sai ka kai 21 za ka sha, amma a gidajen nan ɗan shekara 18 ake ɗura wa don a ga jarumtarsa. A Fabrairun 2017 a jami'ar Penn State wani yaro ɗan shekara 19 aka ba shi giya kofi 18 cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi, ya faɗo daga matakala, abokan nasa suka bar shi kwance kusan awa 12 ba wanda ya kira motar asibiti saboda tsoron kar asirinsu ya tonu, ya rasu. Nan jiharmu ma an yi irin haka a jami'ar Bowling Green a 2021. Ba tsafi ba bindiga, yara ne kawai da kwalba da tsoron a ce musu ragwaye.

Sai na ce bari in je makarantar da kaina in ji bayani, ni da nake biyan kuɗin. Nan fa na sha mamaki. Matar ofishin ta yi min murmushi mai kyau ta ce ba za ta iya gaya min komai a kan yaron ba, ko makinsa, ko an taɓa kama shi da laifi, sai in shi ya sa hannu a fom ya ba ni izini. Na ce baiwar Allah ni fa na haife shi, ta ce ta sani. Wata doka ce da suke kira FERPA tun 1974, da zarar yaro ya cika 18 ko ya shiga jami'a to bayanansa nasa ne. Takardar biyan kuɗi ce kaɗai ba ta ɓatan hanya. Fom ɗin ma ba a hannu ake bayarwa ba, sai yaron ya shiga shafinsa na intanet ya rubuta sunana ya zaɓi abin da ya yarda in gani, kuɗi daban maki daban ladabtarwa daban, sannan a ba ni lambar sirri da zan faɗa duk sanda na kira. Nawa yaron da farko kuɗi kawai ya buɗe min, ɗan banza. Dokar ta ba makaranta dama ta sanar da iyaye idan an kama ɗan ƙasa da 21 da giya, amma dama ce, ba dole ba, wata ta faɗa wata ta yi gum. Ku tuna yadda a gida uba zai shiga ofishin shugaban sashe ya ce ina sakamakon ɗana a miƙo masa har da ba shi kujera. Duk mai shirin turo yaro nan ya zaunar da shi a kan fom ɗin tun ana ɗasawa, kafin ya gano cewa yana da ikon hanawa.

Abu ɗaya da ya taimaka, a Disambar 2024 Biden ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa jami'o'i su riƙa wallafa sunayen ƙungiyoyin da aka samu da laifin azabtar da sabbin shiga. Muka zauna da shi muka duba tare, ban yi faɗa ba don a nan in ka matsa sai a daina ɗaga maka waya. Na tambaye shi sallar asuba fa a gidan da ake kiɗa har ƙarfe uku, da Ramadan wa zai tashe ka sahur. Ya yi shiru. Na nuna masa akwai ta Musulmi ma, Alpha Lambda Mu, da aka fara a Dalas a 2013, sai dai babu reshenta a makarantarsu.

Kuɗi kuwa ana biya duk semesta, ya danganta da gidan, kuma ba ya cikin kuɗin makaranta. Maganar irin ƙungiyar ta 'yan mata kuma sai wani jiƙon, ƙanwarsa da sauranta. Mun tsaya a kan ya bari sai shekara ta biyu, in har lokacin yana so mu je in ga gidan da idona. Yaya ki kwantar da hankalinki, ya ce zai kira ki ranar Juma'a bayan an sauko.