Wasiƙa daga Landan: Sakan 72 da ganguna ke yin shiru

'Yan uwa na gida, assalamu alaikum. Da fatan kowa yana lafiya, da iyali baki ɗaya.

Duk ƙarshen watan Agusta sai wasunku su turo mini bidiyon bikin titi na Notting Hill, suna tambaya wai a cikin wannan hayaniyar nake zaune? Eh, a cikinta nake. Lahadi da Litinin ɗin ƙarshen watan, mutum fiye da miliyan ɗaya ke cika titunan unguwarmu a yammacin Landan, ƙarar kiɗa har tagogi na rawa. Sai dai bidiyon ba ya nuna muku inda abin ya samo asali, kuma ba daga soyayya ya samo ba.

Bayan jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke 'yan tsibiran Karibiyan a 1948, da yawa daga cikin waɗanda suka biyo baya a nan suka yada zango, domin a wasu unguwannin masu gidaje ba sa ba baƙar fata haya. A 1958 samarin Turawa suka yi kwanaki suna farautarsu a titi da sanduna da kwalabe. A watan Mayun 1959 aka daɓa wa wani kafinta ɗan Antigua, Kelso Cochrane, wuƙa ya mutu, kuma har yau ba a hukunta kowa ba. Tsakanin waɗannan masifu biyu ne Claudia Jones, 'yar jarida 'yar asalin Tirinidad da Amurka ta koro, ta haɗa bikin Karibiyan a zauren St Pancras cikin sanyin Janairu. A 1966 wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Rhaune Laslett, ta shirya wa yaran unguwa wasa a waje don iyayensu su san juna. Ta gayyaci makaɗi Russ Henderson da gangunansa na ƙarfe, irin waɗanda ake ƙerawa da durom ɗin mai. Ya kama tafiya yana kiɗa, jama'a suka bi shi, shi ke nan biki ya hau titi.

Ba zan ɓoye muku ba, ranar Litinin ba tawa ba ce. Giya ta yi yawa, sutura ta yi kaɗan, ga 'yan sanda ko'ina saboda ba a rasa faɗa. Ranar Lahadi ta yara nake fita. Abin da ma ya fi burge ni ba ya faruwa a kwana biyun nan. Watanni kafin biki, a ɗakunan taron unguwa ake zama ana ɗinka kayan ado, ana liƙa gashin tsuntsu, yara na koyon ganga. Wata dattijuwa maƙwabciyata 'yar Jamaika ce ta fara jan 'yata zuwa can. Na je ɗaukarta na tarar da ita tsakanin yarinya 'yar Maroko da wata 'yar Fotugal, suna gardama kan wa ya ɓatar da almakashi. A titin Golborne haka ake zaune: shagon Balaraben Maroko na jingine da na Bafotugale, kowa ya san sunan ɗan kowa.

Amfanin wannan sanayyar ya fito a daren 14 ga Yuni, 2017. Wuta ta tashi a benen Grenfell mai hawa 24 da ke unguwarmu wajen ƙarfe ɗaya na dare, ta bi rufin da aka manna wa bangonsa ta waje ta haye sama kamar an zuba fetur. Mutum 72 suka rasu. Azumi ake yi, don haka Musulmi da yawa ba su kwanta ba, wasunsu su suka riƙa buga ƙofofi suna ta da maƙwabta. Kafin hukuma ta farga, masallacin Al Manaar da cocin unguwa sun buɗe ƙofa, ana raba bargo da ruwa, ba mai tambayar addinin wani. Daga baya aka riƙa yin tattaki cikin shiru ranar 14 ga wata, kowa da koren ƙyalle.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Gidajen da aka taɓa cusa baƙi a cikinsu don ba mai so, yau sai attajiri. Jikokin waɗanda suka kafa bikin haya ta kore su zuwa bayan gari, sai su shigo jirgin ƙasa su yi rawa a ƙofar gidan da kakarsu ta zauna. Sababbin masu gidan kuwa katako suke bugawa a tagogi su bar gari har a watse.

Da ƙarfe uku na rana, a duka ranakun bikin biyu, ana kashe kowace na'urar kiɗa na sakan 72, sakan ɗaya ga kowane mamacin gobarar Grenfell. Bara ina tsaye kusa da titin Ladbroke Grove, 'yata a kafaɗata, fuskarta duk kwalliya. Titi ya yi tsit har ina jin kukan wani jariri daga can nesa. Dattijuwar nan ta kama hannuna, tana motsa baki da addu'arta, ni ma ina yin tawa.

Ku gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Landan