Sana'armu ta zanen mayaƙan katin wasa

Ƙaramin kamfanin zane gare mu, ni da yara biyu da ke taya ni, kuma abin da ya fi cin lokacinmu yanzu shi ne zanen mayaƙan almara irin na katunan wasa. Ba karta nake nufi ba fa, irin su Magic: The Gathering da Wizards of the Coast suka fitar a 1993, da Pokémon da katinsa ya fito a Japan a 1996, da Yu-Gi-Oh na Konami. Masoya wasannin nan su kan zana nasu jarumai su ɗora a intanet dan sha'awa kawai, mu ma muna yi, ta nan ne ma masu oda suke ganin hannunmu.

Abin da sabon shiga baya ganewa da wuri shi ne girman katin. Na Magic faɗinsa milimita 63 ne, tsawo 88, kuma zanen ko rabin katin bai kai ba, sauran wajen suna ne da rubutun dokar wasa da lambobi. Na Yu-Gi-Oh ma ya fi ƙanƙanta, 59 da 86. Kai kuma kana zaune gaban ƙaton skirin kana ta ƙawata maɓallin rigar jarumi awa guda, ana ragewa ya koma girman kati sai ka neme shi ka rasa, wallahi ko ɗigo ba zai fito ba. Ga shi mai wasa ba riƙe katin zai yi yana nazari ba, yana kan tebur ne, abokin karawarsa ma a juye yake hango shi, dole da kallo ɗaya ya san ko wane kati ne.

Shi ya sa bama farawa da fuska ko launi. Da baƙi zalla muke farawa, ƙananan siffofi barkatai kaman inuwar mutum a jikin bango, babu ido babu hanci. In ka kalli baƙin ka gane cewa wannan mayaƙi ne mai gatari, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya nauyi, ya taka ƙafar gaba zai kai sara, to an samu. In kuwa takobin ya kwanta a kan ƙirjinsa ya haɗe da jiki, dunƙule kawai za ka gani, sai a cire makamin a miƙa shi waje inda iska za ta ratsa tsakaninsa da jiki. Yaran nan sun gaji da jin wannan maganar daga bakina, amma ko gobe sai na faɗa.

Daga nan sai fari da baƙi da toka, har yanzu ba launi. Nan ake yanke daga ina haske zai zo. Ni na fi son wajen da ya fi ko'ina haske ya haɗu da wanda ya fi duhu daidai fuska ko hannun da ke riƙe da makami, dan can ido yake fara sauka, ƙafafu da baya kuma a bar su su dushe cikin ƙura ko hayaƙi.

Sulke ne wajen da hannu yake nuna kansa. Mutane suna ɗauka ƙarfe toka ne, sai su shafa toka su yi ta gogewa har ya zama kaman roba. Ƙarfe yana ɗaukar launin abin da ke kewaye da shi ne, saman kwalkwali ya ɗauki shuɗin sama, ƙasan garkuwa ya ɗauki jan wutar da ke ci a gefe, kuma haske a jikinsa baya tafiya a hankali, duhu ne sosai sai kwatsam fari tas siriri a bakin lanƙwasa. Ina sa ɗan tabon sara guda a kafaɗa, da fatar ɗamara da ta ƙoƙe a inda ake ɗaurewa kullum, wannan kaɗai ya isa ya nuna mutumin ya sha fama, ba sai an cika shi da jini ba.

Launi kuma wasan ne yake faɗa maka. A Magic launi biyar ne, fari, shuɗi, baƙi, ja da kore, kowanne da halinsa, ja na wuta da zafin rai, kore na daji da ƙarfin jiki. In ka ce jaruminka na ja ne sannan ka zana shi a natse cikin sanyin shuɗi, masu wasan za su ce maka da sake tun kafin su karanta sunan.

Kayan aiki ba wani abin ɗaga hankali bane. Muna da allon zane na Wacom da manhajar Photoshop, ɗaya yaron ya fi son Procreate a iPad, Krita kuma kyauta ce kuma tana aikin tsaf. Lokaci-lokaci muna juya zanen hagu ya koma dama, nan take ido ɗaya da ya karkace ko hannun da ya yi tsawo zai fito fili. Sai gwajin bugawa, dan skirin da RGB yake aiki, wato haɗa launi da haske, firinta kuma CMYK, haɗa launi da tawada, wannan shuɗin tsafi mai walƙiya da ka sha wahala a kansa sai ya fito a mace a takarda, dole a gyara tun a fayil, a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, a bar ɗan rara a gefe saboda yanka.

Maganar kuɗi kuma, zanen masoya ba na sayarwa bane. Wizards sun yarda ka yi ka raba kyauta, ka kuma rubuta cewa ba daga gare su yake ba, amma ka buga jaruminsu kana ciniki ba izini, wannan neman rigima ne. Masu kawo mana abinci su ne masu haɗa nasu sabon wasan kati, da wanda yake so a zana masa jarumin da ya ƙirƙira da kansa. Irin waɗannan sai mutum ya turo jerin buƙatu, takobi biyu, fukafukai, dodo a baya, kerkeci a gefe, walƙiya a sama. Bana musu da shi, zane biyu nake yi, ɗaya da duk abin da ya lissafo, ɗaya jarumin shi kaɗai da makami ɗaya, in rage su girman kati in tura masa a waya ya zaɓa. Yawanci kerkecin ne yake fara tafiya.