Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Na Koyi Jiran Katako Ya Bushe

A makon jiya na tsaya a inda na sayi injin feshin ruwa daga hannun wani maƙwabcinmu da zai tashi daga Greensboro, garin da muke zaune a Amurka, na kawo shi gida a bayan mota, uwargida tana tambayata abin da zan yi da shi. Yau zan ba da labarin shekarar 2019, wadda a cikinta wannan inji ya zame mini sana'a ta biyu, bayan aikin dare da nake yi a wani babban ɗakin ajiyar kaya.

Ga wanda bai taɓa zama a Amurka ba, gidaje da yawa a unguwannin bayan gari suna da wani dandamali na katako da ake kira dek, a manne da ƙofar baya, da matakalarsa da shingen da ake dafawa. A kansa iyali suke shan iska da yamma, a kansa ake gasa nama idan an yi baƙi. A jiharmu ta Karolina ta Arewa, mafi yawansu da katakon itacen fain ake yin su, wanda aka ɗura wa magani tun daga masana'anta don kada gara ta ci shi ko ya ruɓe. Sai dai maganin bai hana rana da ruwan sama yin aikinsu ba. Rana tana mai da fuskar katakon toka-toka, laimar ƙasar tana haifar da gansakuka da funfuna har wurin ya yi santsi, sannan a ƙarshen Maris zuwa Afrilu garin furen itatuwa mai ruwan ɗorawa ya rufe komai. Saboda haka duk bayan shekara biyu ko uku sai an wanke dandamalin an sake shafa masa rini, kuma masu gidaje da yawa sun fi son su biya wani ya yi musu.

Wanda ya ɗora ni a kan hanya wani dattijo ne mutumin Damagaram, ɗaya daga cikin 'yan Nijar masu yawa da suka zauna a Greensboro tun kafin zuwanmu. Ya yi shekaru yana fesa fenti da man ƙyalli a wata masana'antar kujeru da gadaje a High Point, garin da ake yin babban baje kolin kayan ɗaki a watannin Afrilu da Oktoba, don haka ya san halin katako fiye da duk wanda na sani. Bayan sallar Juma'a na gaya masa niyyata, sai ya ce in zo da injin gidansa ranar Asabar. Da ya duba shi, ya zazzage 'yan bakunan feshin a tafin hannunsa, ya ware mai launin ja ya sa a aljihunsa. Ya ce, "Ɗana, wannan zan riƙe maka shi. Ruwansa a tsaye yake fita kamar tsinke, idan ka ɗora shi a kan fain sai ya yi masa zane wanda ba ya gogewa. Ka yi aiki da farin, in dauɗa ta yi taurin kai ka sa koren, kuma kada ka tsayar da feshin a tsakiyar katako." Na ce, "To, Alhaji." Daga baya na fahimci lissafin: farin baki yana baza ruwa a faɗin digiri 40, koren kuma digiri 25, injin nawa yana iya kaiwa psi 3,000 a ma'aunin ƙarfin matsin ruwa, alhali katako mai laushi ba ya buƙatar ko rabin haka.

Abin da Alhaji ya fi nanata mini shi ne cewa sinadari ne yake wankin, ruwa ɗauraya kawai yake yi. Da farko ana jiƙa furanni da ciyawar da ke kewaye da ruwa sosai don kada magani ya ƙona su. Sai a dama hodar wanki mai fitar da iskar oksijin, a fesa wa katakon, a bar ta ta jiƙu kamar minti 15, a goge da buroshi mai dogon hannu, sannan a ɗauraye ana bin tsawon katakon. Idan akwai tsohon rini da ya ƙi fita, sai an sa abin cire shi, wanda a cikinsa akwai soda mai ƙuna irin ta masu yin sabulu, kuma ba a taɓa shi sai da safar hannu da tabarau. Wannan soda tana duhunta katako, don haka a bayanta ake fesa asid ɗin okzalik, wanda yake kashe kaifinta ya dawo da hasken itacen. Ranar da na fara ganin katakon da ya yi baƙi ya koma ruwan zuma a gaban idona cikin 'yan mintuna, na ji daɗin da ban taɓa ji ba a aikin ɗaga kwalaye.

Amma wankin duk mai ƙarfi zai iya koyonsa. Inda sana'ar take da wuya shi ne tsakanin wanki da shafe. Rini ba fenti ba ne da yake kwanciya a sama. Shiga yake yi cikin ƙofofin katako, kuma idan ruwa ya riga ya cika waɗannan ƙofofi babu inda zai shiga. A ranar da aka shafa shi, jiƙaƙƙen katako da busasshe duk kyau suke yi, mai gida ya biya yana murna. Bambancin ba ya fitowa sai bayan sanyin hunturu ya wuce, lokacin da na jiƙaƙƙen zai fara ɓamɓarewa, mai aikin kuwa ya daɗe da cinye kuɗinsa. Alhaji ya sa na sayi wata 'yar na'ura mai allura biyu da ake sokawa a katako ta nuna yawan damshin da ke ciki, ya ce kada in buɗe gwangwanin rini sai ta nuna ƙasa da kashi 15 cikin 100. Bayan wanki ana jiran aƙalla kwana biyu na rana, kuma dole a duba hasashen yanayi a tabbatar ruwa ba zai sauka ba a yinin da ke biye da shafen. Wannan aikin duban uwargida ce ta karɓe shi, tare da littafin da muke rubuta kuɗin shiga da na fita. Kusan kowace safiya sai ta ce, "Maigida, an ce akwai hadari ranar Lahadi, ka kira mutanen nan ka ɗaga."

Azumin wannan shekara ya kama a ranar 6 ga Mayu, wato a tsakiyar lokacin da aiki ya fi yawa, domin kowa yana son dandamalinsa ya yi kyau kafin Ranar Tunawa da Sojoji, wadda ake yi a Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu, kuma a wurin Amurkawa ita ce buɗe lokacin zafi da gashin nama. Azuminmu yana kaiwa kusan awa 16. Na tsara aikina ta yadda zan yi wanki da hantsi, shafe kuma da la'asar idan inuwar gida ta rufe dandamalin, abin da ya dace da azumin kuma ya dace da rinin, tunda idan katako ya ɗauki zafin rana rini yana bushewa kafin ya shiga, ya bar tabo a duk inda buroshi ya haɗu da buroshi.

A cikin wannan watan wani mutum ya kira ni, bayan ya ga tallan da na sa a manhajar Nextdoor, inda maƙwabta suke ba juna labarin masu aikin hannu. Gidansa babba ne, dandamalinsa hawa biyu, kuma kuɗin aikin zai ishe ni in aika gida na kayan Sallah har da ragowa. Da na je na tarar ya sa an cire kusan rabin katakan an sa sababbi, har yanzu da koren maganin a jikinsu. Na ɗiga ruwa a kan ɗaya, sai ruwan ya tsaya bai shige ba. Na soka na'urar, ta haura kashi 25 cikin 100. Sabon katako mai magani a jiƙe yake fitowa daga masana'anta, yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya bushe. Na nuna masa lambar, na ce zan wanke masa wurin tas ya yi bikinsa a kai, in dawo a watan Agusta in shafa rinin ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ya ce baƙinsa ranar Asabar za su zo, launi ɗaya yake son gani daga wannan gefe zuwa wancan, kuma idan ni ba zan yi ba akwai masu yi. Na ce masa, "Yallaɓai, na san akwai masu yi, amma ni idan na shafa yau, kuɗinka na karɓa a kan abin da na san ba zai kai baɗi ba." Ya yi mini godiya cikin ladabi, ya raka ni bakin mota, kuma bai sake kirana ba.

Na koma gida zuciyata a cunkushe, domin ina buƙatar kuɗin nan ƙwarai, kuma mutumin bai nemi in cuce shi ba, shi da kansa ya zaɓa. Na daɗe ina juya maganar. Abin da na tsaya a kai, kuma har yau ban sauya ba, shi ne cewa yardar mai gida ba ta wanke ni, tunda ni na san abin da zai faru shi kuwa ji kawai ya yi. Da na ba Alhaji labari bai yabe ni ba, bai kuma ce na yi asara ba. Cewa ya yi in riƙa tambaya tun a waya ko an sa sabon katako, don kada in ƙona man mota a banza, kuma tun daga ranar ita ce tambayata ta farko.

Aikin da ya fi zauna mini a rai a wannan shekara na wata dattijuwa ne da mijinta ya rasu. Shi ya gina dandamalin da hannunsa a shekarun 1990, a ƙarƙashin manyan itatuwan da suka hana rana sauka a kansa. Ta roƙe ni in goge shi da injin yashi ya yi sumul saboda jikokinta suna yawo a kai ba takalmi, ta kuma ce guntayen da suka ruɓe in tara mata za ta hura wuta da su a tsakar gida. Nan na zauna na yi mata bayani a hankali. Kafin ƙarshen shekarar 2003, maganin da aka fi ɗura wa katakon gidaje a Amurka shi ne wanda ake kira CCA, mai ɗauke da gubar arsenik, kuma daga wannan lokaci ne masana'antu suka daina amfani da shi a katakon gidaje bisa yarjejeniya da hukumar kare muhalli ta ƙasar. Irin wannan katako ba a ƙona shi, domin hayaƙinsa da tokarsa guba ne, kuma ƙurar gogarsa ba abin shaƙa ba ce. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko sai an rushe shi. Na ce a'a, za mu wanke shi da ruwa mara ƙarfi, mu canza katakan da suka lalace, mu shafa masa rini mai mai wanda yake shiga ciki, yaran kuma su riƙa wanke hannu kafin cin abinci. Saboda inuwar wurin, na yi ta zuwa ina soka na'ura ina komawa, har sai bayan Sallah lambar ta sauka. Ba ta taɓa yi mini gaggawa ba. Da ta gane ina azumi, sai ta daina fito mini da ruwan sanyi, ta koma ƙulla mini 'ya'yan itace a leda in tafi da su gida.

Rinin da na zaɓa mata mai rabin haske ne, wanda yake ba da launi amma ya bar zanen itacen a fili. Akwai mara launi, wanda ba ya jure rana sosai, akwai kuma mai kauri da yake rufe komai, wanda nake shawartar mutane su guje shi a daɓen da ake takawa sai idan katakon ya tsufa ƙwarai, domin idan ya fara ɓamɓarewa cire shi wahala ce babba. Galan ɗaya na rini yakan rufe murabba'in ƙafa 150 zuwa 300, gwargwadon ƙishin katakon, kuma tsohon katako irin nata sha yake yi. Tsummokaran da na goge rini mai mai da su kuwa ban taɓa barinsu a dunƙule ba, cikin bokitin ƙarfe mai ruwa nake tsoma su, saboda suna iya ɗaukar zafi su kama wuta da kansu.

Ta hannun wannan dattijuwa na samu gidaje da dama a layinsu da kuma cikin mutanen cocinsu, har aikin ya kai ni watan Oktoba, lokacin da ganye ya fara zuba sanyi kuma ya hana shafe. Da muka zauna da littafin uwargida, muka cire kuɗin rini da sinadarai da man mota, abin da ya rage ya wuce dala 400 nesa ba kusa ba, wato iyakar da daga ita mai sana'ar kansa yake biyan harajin kashi 15.3 cikin 100, ban da harajin kuɗin shiga. Muka ware wannan kaso a asusu na dabam don kada ranar 15 ga Afrilu, wa'adin biyan haraji, ta same mu ba shiri.

A cikin wannan lissafi muke sai wata mata mai kula da gidajen haya ta kira ni, ta ce tana da dandamali masu yawa da za a yi a shekara mai zuwa, amma ba ta ba da aiki sai ga wanda yake da rajistar kamfani da takardar inshora. A lokacin ba ni da ko ɗaya daga cikinsu. Yadda na biya dala 125 na yi rajistar, da yadda annobar korona ta riske mu a watan Maris na 2020 kafin in taɓa ko gida ɗaya daga cikin nata, shi ne labarin mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.