Kashi Biyu Cikin Ɗari Na Kasafin Lafiya

Wani abokin aikina ya taɓa shafe watanni yana zuwa ofis idanunsa jawur saboda rashin barci, ya zauna gaban kwamfuta awa guda bai taɓa komai ba, kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce gajiya ce kawai. Mu kuwa muka ɗauka lalaci ne, har wasu suka riƙa yi masa shaguɓe. Sai da ta kai shi ga kwanciya asibiti sannan muka gane ciwon damuwa ne, cuta mai suna da magani, wadda da mun san alamominta da tuni mun kai shi wurin likita.

Tun daga lokacin nake bibiyar yadda gwamnatoci ke ware kuɗi domin lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 kusan mutum miliyan 970 ne ke fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, wato mutum ɗaya cikin kowane takwas, kuma sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara. Duk da haka, a matsakaici, abin da ƙasashe ke bai wa wannan fanni bai wuce kashi biyu cikin ɗari na kasafin lafiya ba, kuma a ƙasashe da yawa kaso mafi tsoka na ɗan abin yana tafiya ne manyan asibitocin masu taɓin hankali. Bincike da wayar da kai sai dai su sami ragowa.

A ganina nan ne kuskuren yake, domin bincike shi ke nuna hanyar da ta fi sauƙin kuɗi. A Zimbabwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka buga sakamakonsa a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka zauna da matan sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Ba don an kashe kuɗi an auna ba, da an ce hira ce kawai ta tsofaffi.

Wayar da kai kuma, a gaskiya, an mayar da ita bikin rana ɗaya. Ranar 10 ga Oktoba, wato ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, a yi jawabai, washegari a manta. Abin da nake so in gani a kasafi shi ne kuɗin shirye-shiryen rediyo na dindindin cikin harshen da mutane ke ji, da horar da malaman makaranta da ma'aikatan jinya su gane alamomin da mu muka kasa ganewa a fuskar abokinmu.