Abin da na koyo a Fulorans kafin in sassaƙa Dauda

Labarin Dauda da Goliyat yana cikin littafin Sama'ila na fari, sura ta 17, doguwar sura mai ayoyi 58. Mai wa'azi yana da sararin bin ta daki-daki, tun daga lokacin da Yesse ya aiki autansa Dauda sansanin yaƙi da soyayyen hatsi da gurasa goma da curin cuku goma, har zuwa faɗuwar ƙaton nan na Gat. Masassaƙi ba shi da wannan sarari. Lokaci guda tak zai zaɓa ya tsayar, sauran labarin duka kuma mai kallo ne zai karanto shi daga wannan tsayuwa. Da wannan damuwa na tafi Italiya. Wata majami'a a garinmu ta ba ni aikin allon bango mai ɗauke da labarin, ban kai ga farawa ba na sami gurbin gajeren horo kan aikin yumɓu a birnin Fulorans.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan Musulmi ne, Annabi Dawud yana da girma a wurinsu, kuma ba su yarda a siffanta annabawa ba. Ina mutunta wannan ƙwarai. Ko a cikin Kiristoci akwai ɗarikun da ba sa son siffa a ɗakin sujada, shi ya sa ma a zauren taro aka shirya kafa nawa aikin. Abin da zan faɗa a nan maganar sana'a ce.

A gidan tarihi na Bargello na fara. Can Daudan Donatello yake, na tagulla, wanda akasarin masana ke cewa an yi shi wajen shekarun 1440. Tsayinsa bai kai na babban mutum ba. Yaro ne siriri, da malafa a ka da takalma a ƙafa, takobi a dama, dutse a hagu, ya taka kan Goliyat. Faɗa ya riga ya ƙare. A gidan kuma akwai na Verrocchio, shi ma tagulla, shi ma bayan nasara. Na zauna ina zana su, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙanƙantar yaron kusa da girman takobin da ke hannunsa. Donatello ya gane cewa idan aka yi Dauda ƙaƙƙarfa, an kashe labarin, domin ai ma'anarsa ita ce nasarar ba daga ƙwanji ta zo ba.

Sai ga Mikelanjelo ya yi akasin haka, kuma ya tsira. Daudansa ya haura mita 5, daga dunƙulen marmara guda da aka haƙo a garin Carrara. Dutsen nan ya sha wuya kafin ya zo hannunsa. Agostino di Duccio ya fara sararsa a 1464 ya bari, daga baya aka ba Antonio Rossellino shi ma bai yi nisa ba, ya yi ta kwanciya a farfajiyar ma'aikatar babbar majami'a shekara da shekaru. A 1501 aka danƙa shi ga Mikelanjelo yana ɗan shekara 26, ya gama a 1504. Babu kan Goliyat, babu takobi. Majajjawa na rataye a kafaɗar hagu, gira a haɗe, jijiyoyin hannun dama sun tashi, ya juya wuya yana auna abokin gaba. Lokacin da ya zaɓa shi ne gabanin jifa, sa'ad da shawara ta yanku a zuci amma jiki bai motsa ba tukuna.

Da farko an yi nufin ɗora shi can sama a jikin babbar majami'a, kuma ana ganin shi ya sa kai da hannun dama suka ɗan fi ƙima, don mai kallo daga ƙasa. Da aka ga abin da ya fito, sai aka tara kwamitin masu fasaha a farkon 1504, cikinsu har da Leonardo da Vinci da Botticelli, aka yi ta muhawara kan inda za a sa shi. A ƙarshe ƙofar fadar gwamnati ya tafi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 1494 mutanen Fulorans sun kori gidan Medici daga mulki sun kafa jamhuriya, ga manyan ƙasashe masu ƙarfi kewaye da su. Ƙaramin birni mai tsoron ƙattai ya ga kansa a jikin makiyayin nan. Har a 1527 da tarzoma ta tashi a dandalin fadar, an karya masa hannun hagu. Na asali yana gidan tarihi na Accademia tun 1873, wanda ke tsaye a dandali yanzu kwafi ne da aka kafa a 1910. A ganina dole mutum ya ga duka biyun. A cikin gini za ka ga aikin hannu, a dandali kuma za ka ga dalilin da ya sa aka yi shi.

Na shiga jirgin ƙasa na je Roma musamman don Daudan Bernini, wanda ya sassaƙa tsakanin 1623 da 1624, yana gidan tarihi na Borghese. Shi kam tsakiyar jifan ya kama. Dauda ya murɗe jiki kamar ɗan dambe da ya ja hannu baya zai saki naushi, ya ciji leɓe, ya ɗame majajjawa. Idan ka tsaya gabansa sai ka ji kana son kaucewa. Sulken sarki Saul da Dauda ya tuɓe yana yashe a ƙasa tare da garayar Dauda.

Sulken nan ya koya mini abin da ban gane ba sai da na sa hannu a yumɓu. A ajinmu kowa yana ƙera ƙaramin mutum a tsaye, nauyinsa a kan ƙafa ɗaya. Muna fara kafa sandar ƙarfe da waya a ciki, sannan mu yaɓa yumɓu. Duk da haka idon sawu ne wurin da ke fara tsagewa, domin nauyin jiki duka a kan wannan siririn wuri yake sauka. Mai sassaƙa marmara ba shi da damar cusa ƙarfe a ciki. Da na koma na dubi aikin Mikelanjelo sai na lura da kututturen itace da ke manne a bayan ƙafar dama. Madogara ce. Bernini kuwa sulken ya mai da madogara, ya bi da labari ya kuma tallafi dutse a lokaci guda. Ko da kututturen ma, an daɗe da gano ƙananan tsagu a ƙafafun Daudan Mikelanjelo, ana ta sa musu ido. Tun daga nan duk abin da zan sa a aiki sai na tambayi kaina me yake ɗauke da shi.

Amma allon bango aka ba ni, ba mutum-mutumi mai tsayuwa shi kaɗai ba, don haka babban malamina ya zama Lorenzo Ghiberti. A 1401 aka yi gasar ƙofar ɗakin baftisma na birnin, aka ce kowa ya zubo labarin Ibrahim da hadayar Ishaku a tagulla. Allonsa da na abokin gasarsa Brunelleschi suna Bargello kusa da juna. Na Brunelleschi akwai zafi, mala'ika ya damƙe hannun Ibrahim. Na Ghiberti ya fi natsuwa, ya kuma ci tagulla kaɗan, shi aka ba aikin. Bayan ya gama wannan ƙofa aka ba shi wata, ya yi ta daga 1425 zuwa 1452, alluna goma shafe da zinariya, daga Adamu da Hawwa'u har Sulemanu da sarauniyar Sheba. Ambaliyar 1966 ta ɓamɓare wasu daga ciki, yanzu na asali suna gidan tarihin babbar majami'a.

Na daɗe a gaban allon Dauda da na Yusufu fiye da ko'ina. Kaurin allon bai taka kara ya karya ba, amma kana ganin nisa mai yawa a ciki. Dabarar ita ce mutanen gaba sun ɓullo kusan cikakku, na tsakiya rabi, na baya kuwa ɗan tudu ne kawai, wani wurin ma kusan zane. A allon Dauda, yaron na sare kan Goliyat a gaba, rundunoni na gwabzawa, Urushalima na can baya da ganuwa da hasumiyoyi. A na Yusufu jama'a sun cika gaban wani zagayayyen gini ana ɗaukar buhunan hatsi, mata da yara da 'yan dako. Sai ka ce kasuwar garinsu Ghiberti ya kalla. Da na gwada wannan a yumɓu na gane cewa ragewa ta fi ƙarawa wuya. Hannu yana son ya ba kowane mutum cikakken hanci da kunne, alhali na baya idan ka cika masa siffa sai ya tsallako gaba ya ɓata nisan.

Mutanen Fulorans ba su raba Littafi Mai Tsarki da sana'ar yau da kullum ba, wannan ya burge ni matuƙa. A gindin hasumiyar ƙararrawa da Giotto ya fara ginawa a 1334 akwai kwafin ƙananan alluna masu kusurwa shida na Andrea Pisano da yaransa. Sun fara da halittar Adamu da Hawwa'u, sai Yabal makiyayi a bakin alfarwa, Yubal mai kiɗa, Tubal-kayinu maƙeri a gaban uwar maƙera, daga nan suka gangara kan masaƙa, magina, masu magani, manoma da matuƙa jirgin ruwa. A majami'ar Orsanmichele kuma, wadda tun asali kasuwar hatsi ce, kowace ƙungiyar masu sana'a ta kafa waliyyinta a bango. A ƙarƙashin waliyyai huɗu na Nanni di Banco, masassaƙa dutse da magina sun sa an siffanta su suna bakin aiki, wannan na jera bango, wancan na sara. Talaka mai wucewa zai ɗaga kai ya ga sana'arsa a jikin ginin ibada.

Ga tsirrai da dabbobi ma haka. A Bargello akwai tolotolon tagulla na Giambologna, ya kumbura ya baza jela. Tsuntsun daga nahiyar Amurka aka kawo shi, baƙo ne a Turai a ƙarni na 16, kuma a fili yake mai zubin ya zauna ya kalli mai rai. Ga kwafin aladen dajin da Pietro Tacca ya zuba, a kasuwa, wanda baƙi suka goge wa hanci da shafa har yana ƙyalli. Kowa hancin yake taɓawa, ni kuwa gindin na tsuguna ina kallo, inda ya zuba ciyayi da kwaɗi da macizai.

Da na dawo gida ban taɓa yumɓu ba sai da na yi kallo. Na bi yaran da ke korar tsuntsaye a gonakin dawa da majajjawa. Na ga yadda suke zura yatsa a hancin igiya ɗaya su riƙe ɗaya bakin don saki, da yadda ƙarfin jifa ke tasowa daga ƙugu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zaɓen dutse. Yaro zai tsuguna, ya ɗauka, ya jujjuya a tafin hannu, ya yar, ya ɗauki wani. Na tambayi mahaifin ɗaya daga cikinsu dalili.

"Ɗana," in ji shi, "dutse mai kaifi karkacewa yake yi a iska. Mai sulɓi shi ke zuwa inda ka aike shi."

A nan na sami lokacina: aya ta 40, inda Dauda ya zaɓi duwatsu biyar masu sulɓi daga rafi ya sa a jakarsa ta kiwo. Ya riga ya tuɓe sulken sarki domin bai saba da shi ba, ya koma ga abin da hannunsa ya sani. Na tsugunar da shi a gaban allo, gwiwa ɗaya a ƙasa, sandarsa a gefe, kusan cikakken mutum. Tsugunon ya warware mini matsalar nauyi, tunda babu siririn idon sawu da zai ɗauki komai. Ciyayin bakin rafin daga na rafinmu na zano su. A tsakiya na sa sansanin Isra'ila da rabin tudu, amma ban cika shi da mayaƙa kaɗai ba. Nassi ya ce Dauda ya bar kayan da ya kawo a hannun mai tsaron kaya, don haka na sa mutumin nan da buhuna da jaki da masu sauke guzuri, irin hada-hadar da nake gani a tasha. Goliyat yana can ƙetaren kwari, ɗan tudu ƙalilan, amma ya ninka na kusa da shi tsayi.

Aikin ya faɗo cikin hunturu, kullum sai na lulluɓe yumɓun da jiƙaƙƙen tsumma da leda kada iska ta busar da shi ya tsage. Wajen ɗaukar siffa da filasta, ƙarƙashin hannun Dauda da bayan gwiwarsa sun yi zurfin da zai riƙe filastan ya hana shi fita, sai na raba wurin gida-gida. Sannan na zuba siminti da yashi mai laushi, da ragar waya a ciki.

Ranar da dattawan majami'a suka zo dubawa, wani daga cikinsu ya ce, "Malam, ai ƙaton ba ya ganuwa." Gaskiyarsa ne, domin allon na jingine ne a inda haske ke bugunsa gaba da gaba, kuma ɗan tudu sai da inuwa yake fitowa. Na ce, "Baba, a ba ni izini mu matsa da shi." Muka ciccibe shi zuwa bangon da taga ke gefensa, sai Goliyat da mashinsa suka bayyana. A wannan bangon aka kafa shi, aka kuma mai da fitilar zauren gefe guda saboda taron dare.