Inci Ɗaya da Rabi da Ya Cinye Mini Wata Bakwai

Har yau in na naɗe hannun riga na dubi sangalin hannuna na hagu, sai in tuna yadda wurin ya yi wata da watanni baƙi ƙirin da kwanciyar jini. Duk ranar da na je harbi sai tsarkiya ta zabge ni a wuri ɗaya, ɗan ƙasa da gwiwar hannu, kamar an tsula mini bulala. Na nemo makarin fata na ɗaura, na ce ai haka koyo ya gada. Ashe tsawon jan bakan ne ya fi hannuna, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ni na zaɓe shi haka da bakina.

Baka na itace kai ke tsayar da shi inda jikinka ya ce ya isa. Baka mai gargare, wato kwamfawun, wanda tsarkiyarsa ke bi ta kan gargare biyu a bakunansa na sama da ƙasa, shi ke tsayar da kai. Kana ja, nauyi ya hau ya kai ƙololuwa, gargaren su juya, nauyin ya faɗi, sai ka ji ka ci karo da abu kamar bango. Nan ne iyakarka, ko ya dace da jikinka ko bai dace ba. To wannan faɗuwar nauyin ita ta yaudare ni. Bakana nauyin jansa fam 60 ne, yana sauke kashi 80 cikin ɗari, wato in na kai bango fam 12 kacal nake riƙe da shi. Da fam 12 mutum zai iya tsayawa a karkace, wuya a miƙe, kafaɗa a ɗage, bai ji komai ba a lokacin. Da fam 60 ɗin nake riƙewa gaba ɗaya, da tun ranar farko jikina ya gaya mini gaskiya.

Ga yadda na jawo wa kaina. Kowa a harkar ya san lissafin tsawon ja: ka buɗe hannuwanka, a auna gaba ɗaya daga kan doguwar yatsa zuwa kan ɗayar, a raba da 2.5. Ni kaɗai na yi awon, na manna ƙirji a bango, na miƙe iya miƙewa har kafaɗuna na ƙara, na yi alama da fensir. Na samu inci 74. In ka raba, 29.6 ke nan. Maimakon in yi ƙasa sai na yi sama, na ce 30. Kuma na san dalili. Na karanta cewa gudun kibiya da kamfanoni ke rubutawa a takardar baka, na ma'aunin IBO, wata ƙungiyar mafarauta da baka, ana gwada shi ne da nauyin fam 70, ja na inci 30 da kibiya mai nauyin giren 350, kuma duk inci ɗaya da ka rage kana asarar gudun kusan ƙafa 10 a daƙiƙa. Ina son lambar nan da ke cikin takarda. Kwaɗayin gudu ne ya auna ni, ba tef ba.

Na ƙara da wani kuskuren a kai: na ɗauki bakan da gargarensa na tsawo ɗaya ne tak. Akwai masu ɗan ƙarfen da ake kwance kusoshi a juya, a rage ko a ƙara rabin inci rabin inci. Nawa ba haka yake ba. In za a canza, sai an sa shi a injin matse baka an cire gargaren an sa wasu. Mai sayarwar ya faɗa mini hakan, na ce ba komai, ai na san awona.

Wata bakwai ina fama. Tsinken saiti, wanda ake ɗorawa a kan inda ake son kibiya ta sauka, ba ya zama a tsakiyar allon da nake harbi, sai dai ya yi ta yawo a hankali, dama, hagu, kamar kwale-kwale a kan ruwa. Kibau suna tafiya gefe ba dalili, yau su taru, gobe su watse. Na zargi kibau, na canza. Na zargi mazaunin kibiya, na yi ta matsar da shi. Na rage nauyin baka. Da na ga tsinken ba ya tsayawa sai na koyi fizgar kunamar masaki, wato ɗan abin da ake kama tsarkiya da shi a ja a saki, da zarar tsinken ya gifta tsakiya, kuma wannan mugun hali shi ne babbar asarar da na yi, ya fi kuɗin da na kashe ciwo. Ga kafaɗar hagu da ke mini zugi da dare bayan kowane harbi.

Wata rana a filin harbi wani dattijo da ya daɗe a harkar ya tsaya a bayana, bai ce uffan ba har na saki kibiya uku. Sannan ya ce, "Ɗana, sauke bakan nan tukuna. Wa ya auna maka ja?"

Na ce, "Ni na auna, Baba."

Ya ce in sake ja, kada in saki. Ya karɓi wayata ya ɗauke ni hoto ta gefe da ta baya, ya miƙo mini. Wallahi ban gane kaina ba. Ƙuguna ya turo gaba, ƙirjina ya kwanta baya, kaina ya karkata kamar mai gudun hayaƙi. Gwiwar hannun da ke riƙe da baka ta ƙulle ƙam, ta juyo ciki daidai hanyar tsarkiya, ga dalilin bulalar nan. Kafaɗar ta hau har tana neman taɓa haɓata. Tsarkiya ta wuce gefen bakina ta nutse cikin kumatu, gindin kibiya ya kusa kai kunne, hannun ja kuwa yana can bayan wuya yana lilo, ba ƙashin da ya dafa. Ya sa yatsa a kan gwiwar hannuna ta dama a hoton baya, ya nuna mini yadda ta zarce layin kibiya ta zagaya bayan kaina. Ya ce, "Da me za ka ƙara ja? Bayanka ya ƙare tafiyarsa."

Ya sake auna ni, tsaye sak, hannuwa a buɗe ba miƙa ba dole. Inci 72. Wato 28.8. Inci biyu cur na ƙara wa kaina a bango.

Da muka kai bakan wurin mai gyara aka ɗora shi a allon awo, sai wani abin mamakin ya fito. Bakan da aka rubuta 30 a jikinsa 30 da kwata yake ja. Nan na koyi yadda ake awon na gaskiya, na ƙa'idar ATA, ƙungiyar masu sana'ar kayan baka: a cikakken ja, daga inda gindin kibiya ke zama a tsarkiya zuwa lungun mariƙi, sannan a ƙara inci 1 da kwata uku. Abin da ke kan takardar manne ba lallai ya zama abin da ke hannunka ba, musamman in tsarkiya ta ɗan saki da amfani.

Aka sauya gargaren zuwa 28 da rabi. Ba zan ɓoye ba, makon farko ji na yi kamar an cusa ni a akwati, na yi ta ƙorafi cewa an rage da yawa. Dattijon ya ce in rufe ido, in ja, in bar kaina a tsaye in kawo tsarkiya gare ni, kada in kai fuska gare ta, sannan in buɗe. Na yi. Tsarkiya ta sauka a tsinin hancina, ta shafi gefen baki, ƙashin yatsata ya zauna a bayan muƙamuƙi kamar dama wurinsa ne. Na ji allon kafaɗata na dama yana da sauran wurin motsi. Tsinken ya zauna, yana ɗan numfashi a cikin tsakiya, bai fita ba. Daɗin da na ji ranar ba ya misaltuwa, amma haushin wata bakwai ɗin nan ya taso tare da shi.

Abu ɗaya da ban taɓa rarrabewa ba sai lokacin: inda tsarkiya ke sauka a fuska daban, inda hannun ja ke tsayawa daban. Na farkon aikin gargare ne. Na biyun ɗan zoben igiyar da ake ɗaurawa a tsarkiya da tsawon wuyan masaki ke gyara shi. Zoben nawa ya yi tsawo, masakin kuma na sake shi har sai da kan yatsa nake kai wa kunama. Muka ɗaura gajeren zobe, muka janyo masakin har kunamar ta zauna a gaɓa ta biyu ta yatsa, gwiwar hannu ta dawo layi da kibiya ba tare da an sake taɓa gargare ba. Ragowar ɗan abin da bai kai kwata ba, da murɗa tsarkiya mai gyaran ya cike shi, don murɗa ta na rage ja kaɗan. Wannan kada ka yi shi da ka, yana taɓa daidaiton gargaren biyu. Sai aka sake ɗaure zoben leƙe, wato ɗan zoben da ke cikin tsarkiya da ake hango tsinken saiti ta cikinsa, a sabon wuri, duk alamomin saitina na da suka tashi a banza, na faro daga mita 18.

In kana tsakanin lamba biyu, ɗauki ta ƙasa. Gajarta ma tana da nata: jiki ya takure, tsinke ya yi ta karkarwa da sauri, baka ya riƙa neman fizge ka gaba. Amma wanda jansa ya gaza da rabin inci yana iya harbi mai kyau, wanda nasa ya zarce kuwa jikinsa duka ke biya. In bakanka na farko ne, nemi mai ɗan ƙarfen nan da ake juyawa a rage ko a ƙara ja, domin tsayuwarka za ta canza cikin shekarar farko. Kuma kada ka auna kanka kai kaɗai, ka sa wani ya riƙe tef, ya kuma ɗauke ka hoto a cikakken ja.

Gudun da na rasa bai wuce ƙafa 15 zuwa 18 a daƙiƙa ba, kuma allo bai taɓa nuna mini shi ba. Makarin fatar yana cikin jaka, na daina ɗaurawa. Fizgar kunamar ce ta ƙi barina da wuri: wata uku na yi ina harbi a taku biyar, ido rufe, ba abin da nake nema sai sakin da ke zuwa daga baya. Ko yanzu in na gaji, wajen kibau na ƙarshe, sai in ji kaina yana neman kwantawa baya yana laluben tsarkiyar inci 30 da babu ita. In na ji haka sai in sauke bakan a hankali, in gyara tsayuwa, in sake ja.